Gidan Inna Hansai a Tsibirin Katantanwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai kwaɓa tubali ba, ya ɗaga sama bai gitta azara ba, ya yi mata rufin da ba ya yoyo sai da izininsa. Bayan haka, ni ne Anaruwa ɗan Nomau, magini jikan magini, mutumin Rafin Makuba. Zan ba ku labarin abin da ya same ni a Tsibirin Katantanwa. In kun ji muryata ta hau ku yi mini uzuri, shekara goma sha ɗaya ke nan, amma duk sa'ad da na tuna Barmo Sarkin Sahu sai abinci ya fita raina.

Soro ne ya raba ni da gida. Na gina wa mai garinmu shi, hawa biyu, na kashe rani guda a kansa, marka ta kwana uku ta mayar da shi tsibin laka. Babu abin da ya mutu a ciki sai sunana. Na sha alwashin ba zan sake taka garin ba sai na gano gidan da ruwa ba ya ci, na ɗaure kayan aikina na kama hanya.

Na fara sauka ƙasar masu gini da gishiri. Can ba a ruwa, amma awaki ne ke lashe bango, mai dukiyar garin shi ya fi kowa siririyar katanga. Na roƙi ruwan kwaɓi, suka ce makamin rushe gari nake nema, suka kulle ni a kurkukunsu. Na wuni ina kukan ɗan akuya har garke ya taru a bayan ɗakin, kafin la'asar sun lashe mini ƙofa na fice. Daga nan na faɗa ƙasar da ake gini a bayan manyan kunkuru. Na yi ɗakina mai kyau, na tafi kasuwa, na dawo na tarar ya tafi shan ruwa da rabin kayana. Sai na shiga jirgin fatake, teku ta kife shi, ta tofar da ni a wata gaɓa da buhun makubata ta shafen bango ɗaure a baya, cikina cike da ruwan gishiri.

Wata tsohuwa ce ta ja ni zuwa tudu, gajera, mai ƙarfin hannu, mai kaifin baki. Sunanta Inna Hansai. Da na buɗe ido na ga garinsu sai na manta da ciwon jikina. Babu bango ko ɗaya. Gidajensu katantanwa ce, irin wadda yaranmu ke murzawa tana juyi, amma kowace ta kai rumbu, wata ma ta fi. Teku ce ke jefo su jifa-jifa. Na shafa bayan gidan Inna na ji shi sumul, na tambaye ta ko ruwa na cin sa, ta dube ni kamar na tambaya ko wuta na da zafi.

Ta ce sau ɗaya a shekara ake yi musu abin da suke kira Ruwan Allura, kwana bakwai cur, ruwa mai ƙanƙarar gishiri da iska ke korowa. Yana fere ɓawon itace, balle fatar mutum. Kowa yakan shige katantanwarsa da guzuri ya ja ƙyaure, wanda ya rage a waje kuwa sai dai a tsinci ƙashinsa. Saura wata guda a lokacin.

A garin nan gida ba na kowa ba ne, ƙyaure ne naka. Ranar da mutum ya balaga ake sassaƙa masa shi daidai faɗin hannuwansa, shi zai riƙa ɗauka har ya mutu. Kowane baligi gida ɗaya, domin iskar da ke ciki ta mutum ɗaya ce in an rufe. Na ce wa Inna wane malami ya tsara musu wannan, sai ta ja ni bakin ruwa ta nuna mini wasu ƙananan ƙaguwoyi. Bayansu taushi gare shi, ba su da sulke irin na sauran ƙaguwa, sai su nemi katantanwar da mai ita ya mutu su cusa gindi a ciki su yi ta yawo da ita. Na tsuguna na ga ɗaya ta sami sabuwa. Ta zagaya ta, ta mirgina ta don jin nauyi, ta zura hannu ta share yashi, ta shafa ciki ko akwai tsaga. Sannan ta yi wuf ta shige, ta toshe bakin da babban hannunta mai kama da awartaki. Bai rufe ba. Ta fito ta koma tsohon gidanta, amma ba ta tafi ba, ta zauna a gefe tana jira.

Jim kaɗan wasu suka taru, suka jeru daga babba zuwa ƙarama, kowace ta riƙe ta gabanta. Da wadda gidan ya yi wa daidai ta zo ta shige, sai ta bayanta ta faɗa wanda ta bari, ta uku ta faɗa na ta biyu, kafin in ƙifta ido su tara sun sake gida. Inna ta ce wannan shi ne sahu, haka su ma suke yi duk ranar da teku ta kawo sabon gida, kuma Sarkin Sahu ne ke jera mutane bisa girman ƙyaurensu. Wanda ya shiga sabo ya ce “na zauna”, duk abin da ke hannunsa ya saki ke nan, ba komawa.

Na ji daɗin wannan ilimi, amma ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Ni magini ne, idona na kan wani abu daban. Gidan Inna ya tsufa, bayansa ya yi toka-toka, ga gansakuka. Mako uku tana ciyar da ni kifi da kwakwa, ina kwana a inuwar bakin gidanta, ba ni da ko anini da zan ce na gode. Ranar da ta tafi ɗibar gishiri da sauran mata, tafiyar kwana biyu, na ce yau zan saka mata. Na kankare gansakukar nan tas. Na kwaɓa makuba, na samo farar ƙasa da ja, na yi wa gidan zanen da ko mai garinmu bai samu ba. Na zagaye bakin ƙofar da yaɓe mai tudu, na kafa 'yan zankwaye biyu a sama. Yara da manya suka taru suna kallo, ni kuwa kaina ya kumbura.

Inna ta dawo, ta sauke kwandonta, ta daɗe tana duban gidan. Ina jiran shi albarka.

“Wa ya aike ka, ɗan nan?” ta ce.

Na ce babu kowa, alheri ne na rama. Ta ce shekara arba'in tana shafa wa gidan nan toka da ruwan kifi don kada ido ya faɗa kansa. Kakanni bakwai suka zauna a ciki, jikinsu ya goge shi har ya yi faɗi ya yi sanyi, babu irinsa a garin, kuma babu wanda ya sani sai ita. Ga shi na zo na kafa masa tuta.

Da hantsi Barmo ya iso. Ƙato ne, tumbinsa na riga shi shiga wuri, yana riƙe da sandar ƙwanƙwasa. Ashe akwai wata al'adar da Inna ba ta faɗa mini ba, ita ma daga ƙaguwa suka ɗauko ta. In gida ya matse wa mutum, yana iya zuwa ya ƙwanƙwasa na wani, mai gidan ya fito su yi musanya, kowa ya gwada ƙyaurensa a na ɗan'uwansa. Shi ya sa a garin nan ba a taɓa buga wa mutum gida don gaisuwa. Amma Barmo ba matsi ya kawo shi ba, ko kafaɗarsa ba za ta shiga gidan Inna ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne a ce wata tsohuwa ta fi Sarkin Sahu kyan gida. Ya buga sau uku, ya ce ta fito. Maimakon ya ba ta nasa kamar yadda doka ta ce, sai ya nuna mata wata yasasshiyar katantanwa a bayan gari mai tsaga tun daga ƙoli har ƙasa. Wai ya taɓa yin ƙailula a ciki sau ɗaya, saboda haka gidansa ne.

Na yi tsalle na tare gabansa, na ce wannan fashi ne da rana tsaka, ko ƙaguwar da suke koyi da ita ba ta riƙe gida biyu. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambayi jama'a ina ƙyauren wannan. Aka ce ba shi da shi. Ya ce to marar ƙyaure ba shi da baki a garin nan. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutum ya fi ɗari a wurin, duk sun ci kifin Inna, duk suka sunkuyar da kai suna wasa da yashi da yatsun ƙafa. Kun san me ya zuba a gidan da ya kori tsohuwa saura kwana tara ruwa ya sauko? Rigunansa. Rigunansa da huluna!

Inna ta ɗauki ƙyaurenta a ka, ta ɗauki tukunyarta, ba ta zubar da hawaye ba, ba ta kuma dube ni ba. Na bi ta kamar kare. Na kwana uku ina cusa yaɓe a tsagar nan, ita tana zaune tana gyaran kifi. A rana ta uku ta ce in huta, Ruwan Allura zai cinye laka kafin a tafasa ruwa, tsaga mai tsawon mutum biyu ba hannu ɗaya zai tare ta ba. Ta faɗe shi a sanyaye, kamar mai ba da labarin wata. Na ji kunya irin wadda ban ji ba ko ranar da sorona ya zube.

Na koma bakin ruwa na zauna wajen ƙaguwoyin nan, domin su kaɗai ne a tsibirin ba na jin haushinsu. A nan na lura da abin da na kalla da farko ban gane ba. Duk tsawon sahu, ƙananan ba sa motsi sai ta gaba ta motsa. Arzikin ta ƙarshe yana rataye ne a kan ta farko ta saki nata. Na ce a raina, to ai Barmo gida biyu ke hannunsa, in ya ce “na zauna” a wani wuri, dole ya saki duka.

Saura kwana huɗu teku ta jefo wata katantanwa da ba a taɓa ganin irinta ba, ta kai ɗaki uku. Mutane suka zo suka auna bakinta da ido suka watse, domin babu ƙyauren da zai rufe ta, har na Barmo, wanda shi ne mafi girma a garin. Na tambayi Inna hukuncin gidan da ya fi ƙarfin kowa, ta ce na wanda ya ga dama ne, tunda mahaukaci kaɗai zai shiga. Na ce to an sami mahaukacin.

Na juye sauran makubata duka. Kwana biyu ina aiki daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, na yi wa katantanwar nan zanen da ya mayar da na gidan Inna wasan yara. Zankwaye bakwai na kafa mata. Duk wanda ya tsaya kallo sai in ce masa nawa ne, in ƙara da cewa a ƙasarmu wanda ya fi kowa gida shi ake fara gaisarwa da safe. Na san maganar za ta isa inda na aike ta.

Rana ta uku sai ga Barmo yana huci, an buga gangar sahu. Ya ce sabon gida na sahu ne, kuma shi ne kan sahu. Jama'a suka jeru a bayansa, kowa da ƙyaurensa, Inna tana can wajen tsakiya. Doka ta ce sai ya gwada kamar yadda ƙaguwa ke yi. Bai zagaya ba, bai shafa ciki ba, idonsa na kan zankwaye. Ya shiga ya ja ƙyaure, duk muna ganin giɓi a gefe, faɗin tafin hannu, rana na shiga ta ciki. Wani dattijo ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi ko yana ganin haske.

“Duhu ne ƙirin,” in ji Barmo daga ciki. “Na zauna.”

Ban taɓa ganin tsofaffi na gudu irin na ranar ba. Na biyu ya faɗa tsohon gidan Barmo, na uku ya faɗa na na biyu, gari ya kaure da ƙarar ƙyaure. Inna ta nufi gidanta kai tsaye, ta yi ta watso riguna da huluna waje. Waɗanda kwanan baya suka kasa ɗaga kai, yau har da masu guɗa. Na ji daɗi, amma ban yafe musu ba.

Da ƙura ta lafa ne Inna ta leƙo ta tambaye ni inda ni zan shiga. Wallahi sai a lokacin na tuna da kaina, ni marar ƙyaure. Ta ce in shige nata, ita ta ci zamaninta. Na ce in na yi haka ai na fi Barmo zalunci. Muna cikin ja-in-ja gabas ta yi baƙi, iska ta fara kawo wani wari kamar na kanwa, ruwan ya riga lokacinsa da yini guda. Ta tura mini ƙunshin busasshen kifi ta ja ƙyaurenta.

Gida ɗaya ne a tsibirin mai iskar mutum biyu, kuma mutum ɗaya ne ya iya toshe giɓi. Na ciko buhuna da laka na ruga. Na tarar da Barmo yana ta jan ƙyaure dama da hagu, gumi na zuba, ya rufe nan can ya buɗe. Da ya gan ni bai roƙe ni ba, umarni ya ba ni, wai in shigo in gyara ɓarnar da na yi masa. Na haɗiye abin da ya zo bakina na shiga, domin allurar farko ta riga ta tsaga mini kunne.

Kwana bakwai na yi a durƙushe a bakin ƙofar nan. Ruwa na ci ina yaɓawa, in tattara abin da ya zubo in sake kwaɓawa in mayar. Fatar yatsuna ta saɓule. Shi kuwa yana kishingiɗe can ciki yana cin kifina, yana gaya mini aikina ba shi da kyau, yana lissafa hukuncin da zai yi mini in an fita. Sau biyu na ɗaga hannu daga giɓin don mu mutu tare in huta da muryarsa, sau biyu na mayar.

Amma ba Barmo ne ya fi azabtar da ni ba. A rana ta biyu, ina kallon yadda ruwan ke narkar da laka a hannuna, sai wani abu ya faɗo mini a rai. Na tuna yaɓen da na zagaye bakin ƙofar Inna da shi. In a kansa ƙyaurenta ya zauna, to ruwan zai cinye shi, giɓi ya buɗe ta kowane gefe, ita kuwa ba ta da laka, ba ta da mai yaɓa mata. Na ƙwato mata gida don in kashe ta a ciki da hannuna. Kwana biyar na yi da wannan a zuciya, ga taku ɗari ne kawai tsakaninmu, ba halin in je.

Ranar da ruwan ya ɗauke na ture ƙyauren na fita. Gari ya yi fari fat da gishiri, zankwayena da zanena duk sun tafi. Barmo ya fito a bayana yana gyara riga, ya fara gaya wa masu fitowa cewa da gangan ya ɗauki babban gida don ya ceci baƙo marar galihu. Har wasu na cewa Allah ya ƙara wa sarki imani. Da wata rana ce da na shaƙe shi, amma ban tsaya ba, na ruga gidan Inna.

Ƙyaurenta na rufe. Maƙwabta duk sun buɗe nasu, nata shiru. Na ɗaga hannu zan buga, na tuna abin da bugu ke nufi a garin, na sauke. Na yi sallama, ba amsa. Na sake yi da ƙarfi. Na zauna a kan gishirin nan na yi ta uku, ina kiran sunanta ina neman gafara.

Sai na ji tari. Ƙyauren ya motsa, ta leƙo da ido ɗaya tana hamma, ashe barci take yi. Na shiga ba ta labarin yaɓen bakin ƙofa, hawaye na zuba. Ta bari na gama.

“Wannan ƙazantar?” ta ce. “Ai kafin in fitar da hular farko na kankare ta da wuƙar kifi. Na ja ƙyaure sau uku ina neman haske. Kai ka ɗauka kowa irinku ne, ya shiga gida don ya yi kyau daga waje?”

Ta kamo hannuwana ta juya su, ta ga yadda suka koma. Sannan ta koma ciki ta fito da man kwakwa da tsumma, ta zauna a bakin ƙofa ta fara naɗe mini yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in sun warke za ta sa a sassaƙa mini ƙyaure, amma in ta sake ganin na taɓa laka a garin nan, ita da kanta za ta mayar da ni tekun da ta tsamo ni.